Wuyan Issaka

Zangon Kumasi, watan Safar, shekara ta 1346

Daga Barkisu 'yar Malam Rafi'u zuwa ga maigidanta Mumuni mai goro, a masaukin fatake na Ikko.

Gaisuwa da girmamawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan zamanka. Mu nan muna lafiya. Yayanka Jibirin ma lafiya, sai ciwon gwiwar nan tasa da ba ya barinsa in ruwa ya yi yawa. Hadija ta fara famfara, kullum tambayarta yaushe keteke, jirgin ƙasan nan, zai sauke babanta a tasha.

Bayan haka, albishirinka. Na sauka lafiya ranar Alhamis da hantsi, an sami namiji. An raɗa masa suna Issaka kamar yadda ka bar sallahu.

Amma akwai maganar da gara ka ji daga gare ni kafin fatake su kai maka ita a karkace. Iya Memuna ungozoma tana cikin wanke shi sai na ga ta juya mini baya. Na ce, "Iya, mene ne?" Ta ce, "Ba komai, kwanta ki huta." Na ce ba zan kwanta ba sai na gani. Da ta miƙo mini shi sai na ga kumburi a wuyansa, wajen hagu, daga ƙarƙashin kunne ya gangaro zuwa kafaɗa. Girmansa ya kai ƙwan agwagwa. Laushi gare shi, in ka danna sai yatsa ya nutse kamar ka taɓa salkar ruwa. Ba ya kuka in an taɓa, fatar wurin ma ba ta canza ba. Nono yana kamawa, amma sai na kwantar da shi ta gefe guda.

Matan gida kowa da nata. Wata ta ce maƙoƙo ne ya fito da shi tun daga ciki. Wata ta ce na tsallake igiyar akuya ina da ciki. Matar Yaya Jibirin ta ce baki ne, don na ci gaba da zuwa kasuwar Kejetia har wata na tara kowa yana kallona.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ragon da ka kiwata don suna. Ranar suna an raba goro, an yi addu'a, amma ba a taɓa ragon ba. Yaya Jibirin ya ce rago na uban ɗa ne, a jira ka dawo ko ka aiko da magana. Haka ya faɗa a zaure. Ni kuwa na san abin da ke ransu: gani suke yaron ba mai zama ba ne, kada a yi asarar rago. Maigida, ɗanka ne, yana numfashi, yana kama yatsana da ƙarfi. Ina neman izininka a cika masa haƙƙinsa kamar kowane ɗa. Ka aiko da magana ɗaya wadda Yaya ba zai iya musawa ba.

Na ba Boukari mai shanu takardar nan, zai miƙa ta ga wanda zai hau jirgin ruwa a Sakunde. Allah ya tsare ka. Wassalam.

*

Zangon Kumasi, watan Rabi'ul Awwal

Daga Barkisu zuwa ga maigida.

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri. Hadija lafiya, Malam ya ce a gaishe ka. Ban sami amsar takardata ta fari ba, ban sani ba ko ta iso. Ba zan iya jira ba, don abubuwa sun faru.

Kumburin ya ƙaru har ya wuce lemo. Yaya Jibirin ya ce ba za a zuba ido ba, ya kira wanzami. Na roƙe shi a dakata, ya ce mace mai jego ba ta da ta cewa a wannan. Wanzamin ya tsaga wurin kaɗan, ya kafa ƙaho. Ruwa ya fito, garai-garai, ɗan rawaya-rawaya, babu mugunya ko ɗis. Kumburin ya ɗan saɓe, kowa ya yi hamdala, har aka fara yi mini dariyar tsoron da na ji. Kafin Juma'a ta zagayo ya cika ya fi na da. Wurin tsagar ya yi ja, ya yi tauri, jikin yaron ya yi zafi rau. Numfashinsa ya koma da ƙara, kamar ana jan zarto a hankali.

Maame Afua, 'yar Asanten nan da ke kawo mana ganyen naɗe goro, ta shigo yi mini barka ta tarar da mu haka. Ka san Hausarta, kowa "ka" ne a wurinta. Ta ce, "Barkisu, ka tashi, ka ɗauki yaro. Akwai dokita mace yana duba yara bayan unguwar Adum." Na ce ban gama wanka ba, ba a fita. Ta ce, "Wanka yana nan, ba ya gudu." Na goya shi, na yafa zane, muka bi ta ƙofar baya. Na san an yi maganata a Zango, har yau ana yi.

Likitar Baturiya ce, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Tare da ita akwai nas 'yar Fanti mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, ita ta yi mana tafinta. Ta daɗe tana lallatsa wurin. Ta sa na ba shi nono tana kallon maƙogwaronsa yana haɗiya. Ta ce ba maƙoƙo ba ne, don maƙoƙo a tsakiya yake zama, yana hawa yana sauka in an haɗiya, wannan kuwa a gefe yake, ba ya motsi. Sai ta sa aka rufe tagogi ɗakin ya yi duhu, ta kunna tocila ta manna a bayan kumburin. Maigida, wallahi wuyan ɗanka ya haskaka gaba ɗaya, ja-wur, kamar fitilar ƙwai. Har siraran jijiyoyi na gani a ciki. Nas ɗin ta ce, "Ka gani? Ruwa ne a ciki, ba nama, ba mugunya."

Ga abin da na fahimta. Akwai ƙananan hanyoyin ruwa a jikin mutum ban da na jini. Na wuyan Issaka ba su haɗu daidai ba tun yana ciki, sai ruwan ya taru. Kuma ba jaka ɗaya ba ce, ɗakuna ne barkatai kamar saƙar zuma, shi ya sa in an huda ɗaya sauran suna nan, wanda aka huda ma ya sake cika. Na tambaye ta ko wani abu na yi ko na ci. Ta dube ni ta ce babu abin da uwa ke yi ya jawo wannan. Ban san ina ɗauke da nauyin maganar nan ba sai da na ji ta sauka.

Ta wanke tsagar, ta ɗaure, ta ce in riƙa kawo shi har zafin jikin ya tafi. Ya tafi, alhamdu lillahi. Amma ta ce kumburin yana danne hanyar numfashi, in ya ci gaba da girma wata rana zai toshe ta. Maganinsa a buɗe wuyan a cire jakar. Akwai likita namiji a asibitin gwamnati mai yin wannan aiki. Za su ɗiga masa maganin barci a tsumma bisa hanci, ba zai ji komai ba. Ba ta ruɗe ni ba. Ta ce jariri yana iya tafiya a cikin barcin nan bai farka ba, yana iya zubar da jinin da ya fi ƙarfinsa. Na ce in an bar shi fa? Ta ce tana tsoron barin fiye da aikin.

Ba za su taɓa shi ba sai da yardar uba ko wakilinsa. Yaya Jibirin ya ce shi ba zai ɗauki wannan a kansa ba. Don haka ina neman izininka a yi masa aikin. Ka amsa da gaggawa, ko da baki ne ta hannun wani amintacce. Wassalam.

*

Ikko

Daga Mumuni zuwa ga iyalinsa Barkisu.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya. Takardarki ta iso, na yi murna da samun Issaka, Allah ya raya shi. Sannu da jego. Maganar wuyansa ta tsaya mini a rai, tun da na ji ban ci abincin kirki ba. Allah ya kawo sauƙi.

Abin da kika nemi izinina a kai, na yarda. A yanka, kada a jira dawowata. Ki gaya wa Yaya Jibirin ni na ce, kuma ban so aka yi jinkiri tun farko ba. Ɗana ne, duk yadda Allah ya halicce shi.

Ba zan iya tasowa yanzu ba. Sabon goro ya fara shigowa, mai kayan ya damƙa mini amana, in na juya baya zai lalace a huhu. Malamin da ke rubuta mini yana sauri, mai ɗaukar takarda yana tsaye. A shafa mini kan Hadija. Wassalam.

*

Zangon Kumasi, watan Rabi'us Sani

Daga Barkisu zuwa ga maigida.

Gaisuwa da godiya. Muna lafiya, Allah ya bar mu da kai.

Takardarka ta iso ina tsakar gida ina ba Issaka nono. Na karanta, na sake karantawa, sai hawaye. Ban zaci za ka amsa da wuri haka ba, kuma ban zaci za ka yarda ba tare da gardama ba. Allah ya saka maka. Na kai wa Yaya Jibirin a rumfarsa, ya sa wani ya karanta masa don kada a ce ni na ƙara gishiri. Da aka zo wurin "kada a jira dawowata" ya ce a maimaita. Da aka maimaita ya ce, "To, uban ɗa ya yi magana." Washegari ya sa babbar rigarsa ya raka ni asibiti, ya dangwala yatsa a madadinka.

Likitan mai aikin ya duba shi, ya auna shi a sikeli kamar buhun koko. Ya ce ya yi ƙanƙanta tukuna, a ƙara masa ƙwari in dai numfashin zai ba mu lokaci. Aikina ke nan yanzu. Ina shan koko da kunun kanwa har na gaji da su, don nono ya wadata. Ba ya iya tsotso mai tsawo, yana yi yana tsayawa ya nemi iska, don haka nake ba shi kaɗan-kaɗan ba iyaka. A kwance numfashin ya fi yi masa wuya, sai a kafaɗata yake barci, ni kuma a zaune jingine da bango. Iya Memuna tana karɓata in hannuna ya mutu.

Ya fara murmushi. Goshinka ne da shi sak, har wannan layin da ke fito maka in kana tunani.

An sa aikin a farkon watan gobe. Ka sa malaman Ikko su taya mu addu'a. Wassalam.

*

Ikko, ƙarshen Rabi'us Sani

Daga Mumuni zuwa ga Barkisu.

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, ina fata kuma takardar nan ta riga wuƙa isowa.

Inna lillahi. Barkisu, rago na ce a yanka! Rago! Lokacin da na aiko waccan amsa takardarki ɗaya ce a hannuna, wadda kika yi maganar suna. Ta biyu ta kwana a Sakunde, mai ɗauke da ita ya kwanta ciwo a can, sai jiya ta iso tare da ta uku. Malamin da ke rubuta mini ne ya karanta mini godiyarki. Yaya za a yi ki zaci zan ce a yanka wuyan ɗana kamar ina maganar dabba?

Ban yarda ba. Ki ji da kyau, ban yarda ba. Ke ba ki ga abin da na gani ba. A nan bakin jirgi akwai wani ɗan dako, ƙato, huhu biyu yake ɗauka a kai. Kumburi ne kawai ya fito masa a mara, aka kai shi wurin likitocin Turawa, suka sa masa wannan tsumma da kike faɗa. Da ƙafarsa ya shiga, a makara muka ɗauko shi. Ni na yi masa wanka, na ga ɗinkin. Wannan ƙato ke nan. Ina ga jaririn da bai iya riƙe kansa ba? Ita kanta likitar ta gaya miki yana iya tafiya, kika ji da kunnenki, kika ce a yi.

In Allah ya ƙaddara zai karɓi abinsa, ya karɓa a hannun uwarsa, jikinsa cikakke. Ban taɓa ganin yaron nan ba, Barkisu. Ki bar mini shi in zo in gan shi. Na sami wani malami a nan wanda ya sha warkar da kumburi, ya ba ni rubutu da laya da garin shafawa, ga su nan cikin ƙunshin. Da zarar goro ya ragu zan taso, mu zauna mu duba tare.

Ki kai wa Yaya Jibirin wannan ya je ya janye yatsansa. In kuwa kika ƙetare maganata, kada in dawo in same ki a ɗakina. Ki wuce gidan Malam ki jira ni a can. Wassalam.

*

Zangon Kumasi, farkon Jimada Ula

Daga Barkisu zuwa ga maigida.

Ina gaishe ka da girmamawar da na saba. Hadija lafiya. Issaka yana raye.

Takardarka ta riga wuƙa, kamar yadda ka roƙa. Na karanta, na gane, babu sauran ruɗani. Rago ka ce. An yanka shi jiya, an raba, Hadija ta ci hanta. Layar na ɗaura masa a hannu, rubutun na ɗiga masa a baki. Garin ne ban shafa ba, don fatar wurin ta yi ƙyalli ta miƙe, ina tsoron ta fashe.

Yanzu ka saurare ni. Da na so, da na ɓoye takardar nan a ƙarƙashin tabarma har a gama, in ce ba ta iso ba. Ba zan yi maka haka ba. Da sanina zan yi abin da zan yi, kai ma da saninka.

Ka ce ban ga abin da ka gani ba. Gaskiya ne. Kai ma ba ka ga abin da nake gani ba. Shekaranjiya da rana tsaka yana shan nono ya sarƙe. Leɓunansa suka yi baƙi, idanunsa suka kafe, ƙirjinsa yana shiga ciki yana neman iska babu. Na ɗaga shi, na tura kumburin gefe da tafin hannuna, ina kiran sunan Allah, sannan ya ja numfashi. Wannan ne karo na uku. Kumburin yanzu ya kai ƙaramar gwanda, ya ture kansa har kunnensa na dama yana taɓa kafaɗa. Ka ce in bar maka shi ka zo ka gani. Maigida, ba zai kai ƙarshen goro ba. Ni ce nake riƙe da shi, na sani.

Na je wurin Malam na karanta masa takardarka. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ba zan ce ki saɓa wa mijinki ba. Ba kuma zan ce ki zauna ki ga rai yana fita alhali an nuna miki ƙofar magani ba. Ɗakin uwarki yana nan a share."

Daga nan na wuce wurin Yaya Jibirin, na ba shi takardar kamar yadda ka umarta. Na ce, "Yaya, ga ta. In za ka janye, ka janye, ni zan je in durƙusa musu har su karɓi nawa yatsan." Ya ce in miƙo yaron. Ya riƙe shi, ya kara kunnensa a ƙirjinsa yana jin ƙarar nan. Ya miƙo mini shi ya ce, "Gwiwata ba za ta kai ni asibiti yau ba. Gobe ma ba na jin za ta kai ni."

Jibi za a yi. Na riga na ɗaure kayana, daga asibiti gidan Malam zan wuce, ko da shi a bayana ko ba shi. In ya tafi, kada ka nemi kowa da laifi, ni ce. Zan iya ɗaukar fushinka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ya mutu a kafaɗata ina jiran jirgi. Wassalam.

*

Ikko, watan Jimada Ula

Daga Mumuni zuwa ga yayansa Jibirin.

Gaisuwa da ban girma, Yaya. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi.

Takardar Barkisu ta iso mini, tun daga nan shiru. Jirgi biyu sun zo daga Sakunde, na tsaya a bakin gada ina duba fuskar duk wanda ya sauko, babu mai ɗauke da komai nawa. Wani Bazabarme ya ce ya ji an yi jana'izar jariri a Zango, amma bai san gidan ba. Tun ranar ba na iya ƙirga goro, sai in fara in ɓace.

Yaya, don Allah ka gaya mini gaskiya. In ya rasu, ka faɗa mini inda aka sa shi, da wanda ya yi masa salla. In yana nan, me ya hana a rubuto? Na yi fushi, ban musa ba, har yanzu ban ce ta yi daidai ba. Amma shirun nan ya fi ƙarfina. Wassalam.

*

Zangon Kumasi, watan Jimada Sani

Daga Jibirin zuwa ga ƙanensa Mumuni.

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. Ɗanka yana raye. Na sa a fara da wannan don ka iya sauraron sauran. Jaririn da aka binne na gidan mahauta ne, Allah ya ba su haƙuri.

Ranar aikin na je, da sanda. Matarka ta miƙa shi da hannunta, ba ta yi kuka ba. Muka zauna a baranda, ni da ita da Iya Memuna da Maame Afua, wadda ta bar ganyenta a kasuwa ta zo tana ta faɗin "ebeye yie", wai zai yi kyau. Tun hantsi har aka yi azahar ba mu ji komai ba. Sai likitan ya fito, rigarsa jiƙe da gumi, nas tana biye da kwano a rufe. Ya buɗe mana. Abin kamar tarin ƙwan kifi manya-manya, duk ruwa. Ya ce ya cire mafi yawa, amma wani ɓangare ya naɗe jijiya a ƙarƙashin kunne, ya bar shi don kada ya yi ɓarna.

Yaron ya farka da la'asar. Kwanakin da suka biyo baya ne masu wuya. Zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi nono, akwai wani siririn bututun roba a wuyan yana ɗigar da ruwa. Matarka tana tatsa a cokali tana ɗiga masa a baki. Na ce mata a rubuta maka, ta ce a'a, ba za ta ce maka yana raye ba takarda tana hanya ya mutu, ba kuma za ta ce maka yana mutuwa ba. Shi ya sa ka ji shiru. Ni ma da na bi ta tata ban kyauta maka ba, amma ban san me zan ce a rubuta ba.

Yanzu an cire bututun, an warware zaren, an sallame su. Tana gidan Malam kamar yadda ka ce. Na je da kaina na ce ta dawo ɗakinta, ni yayanka ne, na ɗauke maganar. Ta ce wanda ya faɗa shi zai ɗauke.

Ka nemi wanda zai riƙe maka goron nan ka taho. Wassalam.

*

Gidan Malam Rafi'u, Zangon Kumasi, watan Rajab

Daga Barkisu zuwa ga maigida, ta hannun mai masaukin fatake na Sakunde, a ba shi da zarar ya sauka daga jirgi.

Barka da sauka, sannu da hanya. Boukari ya gaya mana ka taso. Muna lafiya. Hadija ta sa an yi mata kitso tun da ta ji.

Na aiko wannan ta tare ka don ka san abin da za ka tarar kafin ka hau keteke. Ba na so ka shigo da wani hoto a ranka ka ga wani.

Yana da tabo daga bayan kunne har kusa da ƙashin wuya, ja ne tukuna, an ce zai dushe amma ba zai ɓace ba. Leɓensa na ƙasa ya ɗan karkace, in yana kuka ko dariya za ka ga gefe ɗaya ba ya sauka. Likita ya ce wataƙila ya daidaita, wataƙila ya zauna haka. Kansa har yanzu yana son komawa dama don ya saba, nas ta koya mini yadda zan riƙa juya shi a hankali ina shafa wuyan da man kaɗanya, safe da yamma. Ba ya so, yana tsala ihu har maƙwabta su leƙo. Yana shan nono ta kowane gefe, yana barci a kwance a tabarma kamar kowane yaro. Ya yi kumatu.

Ragowar da aka bari a ƙarƙashin kunne tana nan, kamar ƙwayar gyaɗa. An ce tana iya zama haka har ya tsufa, tana kuma iya tasowa. In ta taso, za a sake duba abin yi, kuma ba zan ɓoye maka ba, in aka ce a sake buɗewa zan sake kai shi. Gara ka ji yanzu a Sakunde, ka yi fushinka a hanya, da mu yi ta a gaban Malam.

Ban ce na fi ka son yaron nan ba. Na san abin da ya sa ka hana, na kuma san da ya tafi a ranar nan da maganarka ce ta zama gaskiya. Ba ni da wata hujja a kanka sai dai ni ce nake kusa.

In ka iso, gidan Malam za ka same mu. Ka zo ka gan shi tukuna, maganata da kai ta biyo baya, duk yadda ka yanke zan ji. Ranar Talata ake duba jarirai a wurin likitar, layin yana da tsawo, ana tsayuwa a rana. In ka iso kafin nan, kai za ka riƙe shi. Ya yi nauyi, hannuna ya gaji. Wassalam.